Kwana Bakwai Daga Yaushe? Tafiyata Santambul da Kawu

Tun ranar da aka buga mana biza Kawu ya ɗora mini aikin waya. Shi ya san tikiti da masauki da guzuri, amma layi da data da taswira ya ce nawa ne, tunda a cewarsa ni ne ɗan zamani. Wannan ce tafiyarsa ta huɗu zuwa Turkiyya saro kaya, ni kuwa ko fasfona bai taɓa shan hatimi ba. A tafiye-tafiyensa na baya, da ya sauka sai ya shiga sahu a filin jirgi ya miƙa fasfo a sayar masa da sim, ya cire nasa na gida ya naɗe a 'yar takarda ya cusa a aljihu. Sau ɗaya ma takardar ta bi wanki, ya dawo ba layi. Na ce masa bana ba za mu yi haka ba, eSIM za mu saka.

Ya ce, "Mene ne kuma wannan?"

Na yi masa bayani iya fahimtata. Sim ne, sai dai ba shi da kati. Akwai wani ɗan ƙanƙanin guntu da ake manna wa cikin wayar tun daga masana'anta, shi ake sauke wa bayanan layi ta intanet, sai ya yi aikin katin. A wayoyin iPhone abin ya fara ne daga XS da XR a 2018, a jerin Galaxy S kuma daga S20 a 2020, kodayake ba kowane samfuri ba ne ke ɗauke da shi. iPhone 14 da aka sayar a Amurka a 2022 ma ba ta da ramin kati sam. Na karɓi wayarsa na danna *#06#, sai ga wata doguwar lamba mai alƙaluma 32 da ake kira EID ta fito ƙarƙashin sauran lambobin. Wayar da ta nuna wannan lambar tana da guntun. Na kuma leƙa saiti na tabbatar ba a kulle ta ga wani kamfanin sadarwa ɗaya ba, domin wayar da aka kulle ba ta karɓar baƙon layi, da kati ko ba kati.

Daga nan ne na yi kuskuren da bai bayyana ba sai bayan mako guda. Na ce wa ɗan Kawu, ƙanena, wanda shi ke riƙe masa harkar banki a waya, "Ka tabbatar an saka masa kafin mu tashi. Kada a bari sai mun sauka." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Yaron kuwa akwai himma. A ranar, Alhamis ce, bayan La'asar, ya lalubo wani kamfani da ya fi wanda na nuna masa araha, ya sayi na kwana 7, ya saka a wayar babansa, ya turo mini saƙo cewa an gama. Na yi masa godiya har da yabo.

Dalilin da ya sa na nace a saka tun daga gida guda biyu ne. Na farko, sakawar kanta tana buƙatar intanet, kuma wanda ya sauka baƙuwar ƙasa intanet ɗin ne ba shi da shi. Na biyu ya shafi Turkiyya ita kanta. A watan Yulin 2025 hukumar sadarwar ƙasar, BTK, ta toshe shafukan wasu manyan kamfanonin ƙetare masu sayar da irin wannan layi. Wanda ya shigo da nasa ya riga ya saka a waya yana aiki, amma wanda ke son saye daga cikin ƙasar sai ya tarar shafin ba ya buɗuwa. Indiya ma ta yi makamancin haka a farkon 2024, inda aka cire manhajojin wasu kamfanoni biyu daga rumbun manhajoji na ƙasar.

Nawa layin ranar Lahadi na saya, giga 10 na kwana 7, amma ban saka ba sai daren Litinin. Kafin in biya na zauna na karanta ƙananan rubutun nan da kowa ke tsallakewa, na ga an rubuta cewa kwanakin ba sa fara ƙirguwa sai layin ya kama sabis a ƙasar da aka saya dominta. Suka turo mini hoton QR ta imel. Da yake waya ba ta iya ɗaukar hoton abin da ke kan fuskarta, sai na buɗe saƙon a kwamfuta na haska da wayar. Minti biyu zuwa uku ta yi tana juyi, ni kuma ina zaune ban ko motsa ba, saboda galibi hoton nan sau ɗaya yake aiki, in abin ya katse a tsakiya sai ka koma roƙon kamfani. Da ya shiga na raɗa masa suna "Tafiya" don kada in rikita shi da na gida, na kashe shi. Na kwafi adireshin da lambar da ake shigarwa da hannu in hoton ya ƙi, na rubuta a bayan takardar tikiti. Sannan na sauke taswirar Santambul da harshen Turkanci a manhajar fassara, yadda za su yi aiki ko babu data.

Daren Talata muka tashi. Kafin a rufe ƙofar jirgi na kashe romin ɗin data, wato izinin layi ya yi aiki da sabis ɗin wata ƙasa, a layina na gida, na kuma kashe wani maɓalli da ke ba wa waya izinin tsallakawa daga layi zuwa layi neman data in ɗaya ya yi rauni. Wannan maɓallin shi ke cinye wa mutane kuɗi ba su sani ba. Da na zo kan wayar Kawu sai na ga bayanin zai yi tsawo, na kashe masa layin gida gaba ɗaya, na huta. Wannan ma na zo na yi da-na-saninsa.

Barci na yi har Alƙahira. Can muka yada zango na awa huɗu da wani abu.

A wurin jira ne muka haɗu da wata Hajiya, dattijuwa mai fara'a, ita ma Santambul za ta duba lafiyar idonta. Ta ji muna Hausa ta matso. Hira ta kai mu ga waya, ta ce jikarta ta saka mata manhajar sayen eSIM, ta ce mata in ta sauka sai ta danna ta saya. Na ce, "Hajiya, da kin bari mun saya yanzu tun muna nan, can fa an ce shafin ba ya buɗuwa." Ta dube ni ta yi dariya. "Ɗan nan, ƙasar da ban taka ba zan fara biyan kuɗinta? In jirgin ya fasa fa?" Kawu ya goya mata baya, ya ce ai gaskiyarta. Na yi shiru, don maganar tata ba ta rasa hujja ba. Ni ma abin da ya sa ban saya ba sai da biza ta fito, tikiti ya tabbata ke nan.

Kusa da mu akwai wani saurayi ɗan Kenya da ke ta tsaki yana kallon wayarsa. Shi nasa layin mai haɗa ƙasashe da yawa ne, har da Masar a ciki, kuma ya bar shi a kunne. Yana cire wayar daga yanayin jirgi ta kama sabis, sai ga saƙon maraba, kwanakinsa sun fara tafiya alhali shi wucewa kawai yake yi. Asararsa ba ta wuce 'yan awoyi ba, amma ta sa na sake leƙa tawa wayar na tabbatar "Tafiya" na nan a kashe, duk da na san nawa na Turkiyya ne kaɗai.

Mun sauka Santambul ranar Laraba da rana. Filin jirgin sabo ne, an buɗe shi a Oktoban 2018, kuma girmansa ya wuce yadda ake ba da labari. Daga ƙofar jirgi zuwa wurin jami'an shige da fice mun yi tafiyar da ta sa Kawu tsayawa sau biyu yana dafa gwiwa. Jami'in ya dubi fasfo, ya dube ni, ya tambayi kwana nawa zan yi da inda zan sauka, na nuna masa takardar otal, ya buga hatimi.

A wurin jiran jaka na kunna "Tafiya", na mayar da data kansa. Shiru. Sandunan sabis suka fito, amma babu abin da ke shigowa. Kawu kuwa tuni wayarsa ta fara ƙara, saƙonni na ta zubowa, har ya kira gida ta WhatsApp yana sanar da sauka. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To malamin waya, yaya? Na yaron nan mai araha ya tashi, naka mai tsada yana barci." Gumi ya fara tsattsafo mini. Na kashe wayar na kunna, ba labari. Sai da na koma saiti na gane abin: tsoron romin ya shige ni har na bar shi a kashe a sabon layin ma. Shi kuwa layin tafiya baƙo ne a ƙasar, aron turakun Turkcell ko Vodafone ko Turk Telekom yake yi, don haka ba ya aiki sai da romin. Ina kunnawa saƙonni suka shigo a guje. Na dubi agogo, ƙarfe 2:40. Ban san wannan lokacin zai zama abin tunawa ba.

Muna tura kaya sai ga Hajiya tsaye gefe, waya a hannu, fara'ar nan ta ragu. Ta samu wani ya jona mata waifai na filin jirgin, wanda sai an turo maka lamba ta saƙo ko ka haska fasfo a wata na'ura, amma manhajar da jikarta ta saka juyi kawai take yi. Wanda zai ɗauke ta yana waje, ta samu ta kira shi, sai dai ta san tana fita daga ginin an rabu ke nan. Na ce in saya mata ta wayata, ta ce katin bankinta ba ya biya sai da lambar da ake turo wa layin da ke hannun jikarta. Ƙarshe dai kantin sim muka raka ta, ta miƙa fasfo, ta ƙirga lira. Abin da ta biya ya ninka nawa fiye da sau uku. Ta ce, "Ɗan nan, ka faɗa." Na ce, "Allah ya ba da lafiya, Hajiya," muka rabu.

Akwai jirgin ƙasa na M11 daga filin jirgin, amma da jakunkunan Kawu bas ɗin Havaist ta fi mana sauƙi. Sama da awa guda muka yi kafin Aksaray, rabinta a cunkoso. Otal ɗinmu a Laleli yake, ɗan siririn gini mai hawa shida, ɗaki mai gado biyu da taga mai kallon bangon maƙwabta. Unguwar duk shagunan sarin tufafi ne, ƙasa shago, sama shago, ƙarƙashin ƙasa ma shago, ga 'yan dako na tura ɗaurin kaya naɗe da baƙar leda, ana Rashanci ana Larabci ana Faransanci. Da dare muka sha miyar adas mai zafi da burodi da lemun tsami, muka kwanta. Kafin barci na ɗauki katin otal guda biyu a teburin karɓar baƙi, na sa ɗaya a aljihun rigar Kawu. Ya ce shi da ya zo sau uku me zai yi da kati. Na ce ya dai ajiye.

Ranar Alhamis tun safe muke zagayen shaguna. Kawu ba ya jin Turkanci, amma ya iya ciniki da kalkuleta, shi da mai shago kowa na danna lamba yana miƙa wa ɗan'uwansa, ga shayi a ƙananan kofunan gilashi ana ta kawowa. Inda kalkuleta ta gaza sai wayar ta shiga: ya ɗauki hoton kaya ya tura wa abokan cinikinsa, su zaɓi launi, ya yi magana a manhajar fassara ta juya. Da yamma ya ce mu leƙa Kapali Carshi, babbar rufaffiyar kasuwar nan da aka fara ginawa bayan Sarki Muhammadu na Biyu ya ci birnin a 1453. Tituna 61 ne a cikinta, shaguna kusan 4,000, kuma duk kama suke da juna: fitilu, zinariya, darduma, fitilu, zinariya, darduma. Wajen ƙarfe biyar da rabi na ce zan je in duba jakar fata, shi zai tsaya wurin masu carbi. Muka yi alkawarin duk wanda ya gama ya kira.

Shida da kwata na kira. Ba ta shiga. Na tura saƙo, alama ɗaya ta fito ta tsaya. Na koma wurin masu carbi, ko kuma inda nake zaton nan ne, ban gan shi ba. Na gwada lambarsa ta gida, a kashe, kuma ni na kashe ta da hannuna. Layin tafiyar kuwa na data ne zalla, ba shi da lambar da za a kira. Aka yi kiran Magariba, masu shaguna suka fara shigar da kaya, don ƙarfe bakwai ake rufe kasuwar. Na bi wannan titi na ɓulla wancan, sau uku ina wuce wani mai sayar da fitilu har ya fara yi mini murmushi. Dattijo mai ciwon gwiwa, ɗauke da kuɗin sari a jikinsa, ba harshe, ba waya. Babu irin tunanin da bai zo mini ba, har na fara tsara yadda zan yi wa iyalinsa bayani.

Bakwai saura minti goma wayata ta yi ƙara. Kawu ne, ta WhatsApp, muryarsa ko gezau. "Kai ina ka shiga ne? Ina nan ina shan shayi." Wani mai darduma ne ya gan shi yana ta daga waya sama yana neman sabis, ya jawo shi shago, ya ba shi kujera, ya jona masa waifai ɗinsa. Kawu ya nuna masa katin otal, mutumin ya ce in ba a same ni ba shi zai raka shi har Laleli. Ya karɓi wayar ya ce mini da guntun Turancinsa in nufi ƙofar Beyazit. Can na same su, Kawu da sabon amininsa, har da 'yar ƙaramar dardumar salla a hammata wadda ya ce kunya ce ta sa ya saya.

A otal na bincika wayar. Data ba ta ƙare ba, ko giga ɗaya bai ci ba. Kwanaki ne suka ƙare. Na sa ƙanena ya turo mini imel ɗin sayen, na karanta, ga shi nan ɓaro-ɓaro a layi na uku: wa'adin yana farawa ne daga lokacin da aka saka layin a waya. Ya saka Alhamis ƙarfe huɗu na yamma, agogon Turkiyya na gaban namu da awa biyu, sai ya mutu Alhamis ƙarfe shida daidai, Kawu na tsakiyar kasuwa. Sama da kwana biyar cikin bakwai ɗin a gida suka ƙone, wayar na kan tebur.

Kawu ya so ya kira yaron ya wanke shi, na hana. Na ce, "Kawu, laifina ne. Na ce masa a saka da wuri, ban ce masa ya duba daga yaushe ake ƙirga ba." Abubuwa uku ne da na haɗe masa a baki ɗaya: saye daban, sakawa daban, kunnawa daban. Wani kamfanin daga sakawa yake fara lissafi, wani sai layin ya kama sabis a can, kuma akwai masu ba da wani wa'adi bayan saye wanda in ba ka fara amfani a cikinsa ba kuɗinka sun tafi. Da irin nawa yaron ya saya, ko da mako biyu ya riga mu babu abin da zai faru. Da yake irin wancan ne, a daren tafiya ya kamata a saka, ko ma a filin jirgi kafin a kira shiga. A ganina kamfanonin nan ma suna da nasu alhakin, don abin da ya fi komai muhimmanci shi suke rubutawa da ƙananan baƙaƙe, farashi kuma da manya.

Kawu ya ce to gobe a saya masa sim irin na da, a huta. Mai karɓar baƙi na otal ɗin, wani saurayi mai jin Larabci, ya ce hakan ma ba laifi ga mai kwana kaɗan, sai dai wayar da aka shigo da ita daga waje in ta ɗauki layin Turkiyya kwana 120 take da shi, bayan nan a rufe ta sai an yi mata rajista an biya haraji. Mu da ko kwana goma ba za mu yi ba wannan bai shafe mu ba, amma na tuna abin da Hajiya ta ƙirga, na ce a ba ni minti goma.

Na buɗe manhajar kamfanina a waifai na otal, ta ƙi. Na kashe waifai na koma kan "Tafiya", ta buɗe nan take. Dalili kuwa, datar layin romin ba ta fita intanet ta ƙofar ƙasar da kake ciki, sai ta zagaya ta ƙasar kamfanin da ya ba da layin, shi ya sa toshewar ba ta kama ta ba. Shi ya sa ma wani lokaci shafuka ke buɗe mini da harshen wata ƙasar Turai da ban taɓa zuwa ba. Na sayi sabon layi na kwana 10, hoton QR ya fito a fuskar wayata, na raba wa wayar Kawu data daga tawa, ya haska, ya shiga. Na kunna masa layin gida kuma, na bar romin ɗin datarsa a kashe, na ce kada ya ɗauki kira a kansa sai dole. Ya ce a goge tsohon. Na goge, bayan na duba sau biyu cewa mataccen nake gogewa, don wanda aka goge da wuya ya dawo.

Juma'a muka yi salla a masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Mimar Sinan ya kammala a 1557, daga farfajiyarsa kana hangen ruwa da jiragen fito suna kai da kawo. Da yamma muka je Eyup ziyarar kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari. Asabar sari. Ayasofiya da masallacin Sultanahmet mai hasumiya shida mun gan su a gurguje, taram ɗin T1 daga Laleli tasha kaɗan ne, da katin Istanbulkart guda ɗaya muke shiga mu biyu.

Lahadi kasuwa a rufe, sai muka hau jirgin ruwa zuwa Bursa, kusan awa biyu a tekun Marmara sannan mota. Mun ga masallacin Ulu Jami mai ƙubba 20, da Koza Han, tsohon masaukin fataken siliki na 1491 inda har yau gyale ake sayarwa, muka ci kebab ɗin Iskandar, yankakken nama kan burodi da miyar tumatir, a zuba masa narkakken man shanu a gabanka. A hanyar dawowa na leƙa ma'aunin data, gabana ya faɗi: saura giga 3 cikin 10. Ba ni na ci ba, wayar ce. Duk hoto da bidiyon da na ɗauka tana ta ɗora su a ma'ajiyar intanet a ɓoye, ga manhajoji na sabunta kansu. Na kunna yanayin tsimin data, na hana ta ɗora komai sai a waifai. Wannan ma aikin daren tafiya ne da na tsallake.

Ina ta yi wa Kawu wa'azin lissafi, ashe nawa ma a karkace yake. Daren Talata saƙo ya shigo cewa layina zai ƙare gobe ƙarfe 2:40 na rana. Jirginmu kuwa sai daren Alhamis. Ni da na saya, a kaina mako guda ne, Laraba zuwa Laraba, ban lissafa cewa ranar sauka da ranar tashi duk ranaku ne ba, kuma ranar tashin ce ma aka fi buƙatar waya. Kwana 9 ne tafiyar in an ƙirga su duka. Da saƙon ya shigo ina barci na kuma wayi gari ban duba ba, da na faɗa ramin Hajiya, don da zarar layin ya mutu ƙofar da nake bi in shiga manhajar ta rufe, sai dai in koma roƙon data wurin Kawu, abin da zai riƙa ba da labarinsa har jikoki.

Nan take na shiga in ƙara kwana 3. Banki ya ce ya turo lambar tabbatarwa zuwa layina na gida. Na jira, ba ta zo ba. Na sake nema, shiru. Sai a karo na uku ta shigo, saura daƙiƙu kaɗan wa'adinta ya wuce, na danna da hannu na rawa. Ranar da na saya wa Kawu ba ta yi mini wannan jinkirin ba. Da na cire layin gida na naɗe a takarda irin na Kawu, da ko jiran ma ban samu yi ba.

Laraba 29 ga Oktoba ranar Jamhuriya ce, tunawa da kafa ta a 1923. Gari ya cika da jan tuta mai wata da tauraro, a baranda, a motoci, a hannun yara. Muka ƙetara Uskudar a jirgin fito daga Eminonu, muka ci simit, burodin nan mai kama da zobe da aka barbaɗe da riɗi, tsuntsayen teku na bin jirgin suna cafke gutsuren da ake jefa musu. Ƙarfe 2:40 ta same mu a tsakiyar ruwa, tsakanin Turai da Asiya. Na zuba wa wayar ido. Tsohon wa'adi ya fita, sabon ya shiga, ko ƙiftawa sandunan ba su yi ba. Kawu ya ce me nake kallo haka, na ce ba komai.

Alhamis muka kai kaya wurin masu jigila, aka auna, aka ba mu rasit, na ɗauki hotonsa na tura gida. Da yamma saƙo ya shigo cewa an sauya ƙofar shiga jirginmu, muna cikin bas a lokacin. A filin jirgi, muna zaune muna jira, Kawu ya miƙo mini wayarsa.

"Duba mini, saura kwana nawa a nawa?"

Na ce saura uku, da giga kusan shida.

Ya yi shiru yana lissafi, irin shirun da yake yi gaban kalkuleta. "To ba za a ajiye mini su ba sai na dawo watan Maris?"

Na ce ba a ajiyewa, agogon ya riga ya tashi.

Ya karɓe wayar, ya gyara zama, ya kira gida ta bidiyo, ya sa aka tara masa jikoki ɗaya bayan ɗaya. Har aka kira sahunmu bai ajiye ba.